Akwatin Gawar Chilo da Irin Masarata

"Barka da rana, tsohon kwaɗo. Ashe kana nan ba ka mutu ba?"

Haka na gaishe shi, ina tura kwalekwale zuwa ƙofar gidansa. Chilo nake ba ku labari, ɗan gwaggona. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, mu kuwa tun muna yawo ba wando muke zagin juna. Shekarar nan kogin Usumacinta ya yi mana sammako, ya shafe fadama tun ba mu kimtsa ba. Gidana a gangare yake, ruwa ya kawo min ƙugu a tsakar ɗaki, katakon sama da muke ɗora kaya ya fara karkacewa. Ga ni da buhu biyu na irin masara, wadda muke shukawa cikin laka in ruwa ya janye a watan Maris. Irin da na gada wurin uwata ne, ba a samunsa a kanti. In ya jiƙe shi ke nan, ni da noma sai kallo. Shi kuwa Chilo a ɗan tudun gaɓa yake zaune, samansa bai taɓa jiƙewa ba.

Ya leƙo, ruwa iya idon sawunsa. "A'a, Tencha mai bakin agwagwa! Yau kogi shara ya kwaso mana. Me kika ɗauko?"

"Iri. Matsa in hau da shi sama."

"Sama ta cika."

"Da me? Kai da duk dukiyarka wando biyu ne da tari?"

Ya ɗaga haɓa. Na duba. Jama'a, akwatin gawa ne sabo fil, sai ƙyalli yake, ya cinye wurin kakaf.

"Wa ya mutu?"

"Ni, nan gaba. Aladena na sayar, na je garin Jonuta aka yi min. Shaƙi ƙamshin katakon nan. Ko ƙwaro ba ya kusantarsa."

"Kai ma ai ƙwaro ba zai ci ka ba, ba tsoka. Mutane na sayen kwalekwale, kai ka sayo wanda ba shi da wurin matuƙi! Sauko da shi."

"In sauko da shi cikin ruwa? Ki taɓa shi ki gani. Irin wannan gwamna kaɗai ke shiga."

"Gwamnan sauro! Ka gwada shi kuwa? Wannan tumbin zai bari a rufe?"

"Kowace Lahadi nake kwanciya ciki in na dawo daga coci. Cif-cif."

"Shi ya sa ake jin minshari har gidana. Na ɗauka saniyar wani ce ta maƙale a laka."

Sai ya sassauta murya, ya ce, "Kin manta yadda aka yi da babana? Cikin ambaliya ya rasu, kafinta na can ƙetare. Ƙyauren ɗakinmu aka ɓalle aka harhaɗa. Muka yi wata muna kwana ba ƙofa. Ni ba za a kai ni cikin ƙyaure ba, Tencha."

Ban manta ba, ni na riƙe fitila ranar. Amma hadari ya riga ya haɗo ta gabas, yayyafi ya fara ɗiga a kan buhuna. Na cire mayafina na lulluɓe su.

"To buɗe shi in zuba a ciki."

"Me? Gadona na ƙarshe za ki mayar rumbu?"

"Kai ka ce ƙwaro ba ya kusantarsa."

"Don ni aka yi, ba don tsabar kajinki ba! Masarar da ko ɓera sai ya rufe ido yake ci."

"Ɓeran mai wando biyu ne. Wa ke zuwa gidana kullum da ƙoƙo a hammata, wai ya biyo ta hanya ne? Hanyar ina? Bayan gidana sai kada."

"Zumunci nake."

"Zumuncin da ba ya tashi sai na dama pozol, kunun masarata! Saurara, ɗan gwaggo. In irin nan ya ruɓe, baɗi ba masara, ba abin damawa. Ba tsufa ne zai saka ka a akwatin nan ba, yunwa ce. Kuma wallahi ko ɗigon hawaye ba zan ɓata ba, ruwa ya ishe mu a garin nan."

Ya dube ni, ya dubi sama, yayyafi na ƙara ƙarfi. Can sai tumbin nan ya fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya jawo tsani yana cewa, "Miƙo, mayya. Miƙo kafin ki cinye ni ɗanye."

Ya hau, ina miƙa masa ƙwarya-ƙwarya yana juyewa. Buhu biyun suka shige tsaf, ko ƙwaya ba ta jiƙe ba. Ya rufe murfin, ya shafa shi kamar bayan jariri, sannan ya leƙo ƙasa.

"To in na mutu kafin Maris fa?"

"Tunda uwarka ta haife ka ba ka taɓa zuwa ko'ina kan lokaci ba, Chilo. Ka jira in yi shuka."