Rasuwar Mai Tartsatsi, Injin Wasa Wuƙa na Getso

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da ya ƙi haɗiyuwa, Malam Tasi'u mai wasa wuƙa na kasuwar Getso yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injinsa, Mai Tartsatsi, wanda ya cika yau Laraba da hantsi, saura kwana uku Babbar Sallah, yana da shekara goma sha bakwai a duniya.

An haifi marigayin a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabuwar wuƙa ta gagari talaka, kowa ya koma lallaɓa tsohuwa. Gangar jikinsa mataccen keke ne, sarƙarsa ta wani keken ce daban, dutsensa kuwa daga Kano aka ɗauko shi a nannaɗe cikin bargo. Amma darajarsa tana ga matokarinsa, wani guntun ƙarfen gado da aka ɗaure a gaban dutsen, a karkace daidai gwargwado. A kansa ake kwantar da wuƙa, shi ke riƙe ta, ba ta gocewa ko kaɗan. Marigayin bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa zaman jiran wuta ba. A taka shi ya ce ƙiiii, a ɗiga masa ruwa ya ce tsss, iyakar maganarsa ke nan.

Ciwon ajali ya shigo ne da ƙafar Baƙo, mijin 'yar Malam Tasi'u, mai walda a Gwarzo, wanda ya yi wata biyu a birni ya dawo ya fi kowa sani. Wai can an daina jingina wuƙa, gwanaye da hannu sake suke yi, matokari na 'yan koyo ne. Ya kwance shi, ya cire feda, ya jona wa tsoho injin ban ruwa da bel, kamar a ɗora dattijo kan babur marar birki. Don tsabar rashin rabo, wuƙar farko da Malam Tasi'u ya kara a kan dutsen ita ce ta Liman, gadon kakansa, wadda duk shekara ba mai yanka ragonsa a garin sai ta yanka. Hannu ya goce, dutse ya cinye bakin wuƙa ta gefe guda, ƙarfen ya yi shuɗi. Marigayin ya ce ƙarrr, ya ce fas, dutsen ya rabe uku. Tir da wannan aiki.

Tunda Shari'a ta dawo, Malam Tasi'u ya tambayi masana ko akwai ƙisasi. Suka nemi sanin wanda ya miƙa wa Baƙo sufanar kwance matokarin. Shi da kansa ne kuwa ya miƙa, har da murmushinsa, don kawai an kira shi gwani. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: shekara goma sha bakwai ana sa wa hannunsa albarka, ashe guntun ƙarfe ne ke aikin.

Marigayin ya bar sirdi ɗaya, gwangwanin ruwa mai huji, wuƙaƙen mahauta goma sha ɗaya a dakushe, almakashin Fiddausi tela, da wuƙar Liman a kwance, rai a hannun Allah. Matokarin kuwa an tsinto shi a shagon Baƙo, an riga an lanƙwasa shi an yi sakata.

Za a binne gutsattsarin dutsen yau bayan la'asar a bayan rumfa. Sauran gawar 'yan gwangwan za su ɗauka. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da wuƙa. An yafe wa Baƙo zuwa, ya aiko da gaisuwa ta bakin matarsa, ita ma ta taƙaita.

Ba za a yi zaman makoki ba. Mai karɓar gaisuwa, Malam Tasi'u, zai kasance a bakin rijiya, durƙushe gaban dutsen washin mahaifinsa, wanda ya daɗe yana danne ƙyauren akurkin kaji, yana koya wa hannunsa, da furfurarsa, abin da aka daɗe ana yabonsa a kai. Liman ya aiko cewa ranar Asabar, ana saukowa daga idi zai miƙa hannu, kuma ba zai karɓi wata wuƙar ba. Ragunan gari duk suna ɗaure suna jira.