Ma'aunin Dariya na Dakta Tsari

Duk wanda bai san Dakta Tsari ba, ilimi ya wuce shi. Shi ne shugaban gudanarwa na wata kwaleji mai zaman kanta, irin wadda ake sayar da karatu kamar katifa: ka biya, a naɗe maka. Digirinsa na dakta a ɗakin taron wani otal aka rataya masa shi, bayan an ci an sha. Ba ya buɗe baki kalmar "tsari" ba ta faɗo ba, shi ya sa sunan ya bi shi, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce. Ga baiwar barkwanci. Labari ɗaya tal gare shi, na ɗalibin da aka ce ya kawo shaidar haihuwa, ya kawo uwarsa. Kullum zai ba da shi sai ya cire tabarau tukuna, ya dubi jama'a, ya jira.

Ana nan sai ɗalibai suka ragu. Hajiya mai kwalejin, 'yar kasuwar da ba ta san wasa ba, ta kira shi a waya. Ko ya rage ma'aikata kafin ƙarshen wata, ko a fara ragin daga kujerarsa. Kujerar kuwa ta fata ce, mai juyawa, yana ji da ita fiye da wasu 'ya'yansa.

Ƙananan shugabanni kan duba wa ya daɗe, wa ya iya aiki. Dakta Tsari ya fi ƙarfin wannan. Ya kira sakatariyarsa ya rufe ƙofa.

"Takarda tana ƙarya, amma haƙori ba ya ƙarya," in ji shi, yana juyi a kujera. "Ma'aikacin da ke ƙaunar shugabansa, da shugaba ya yi raha zai dara. Wanda bai dara ba, zuciyarsa tana wata kwalejin. Wannan shi ne tsari. Turawa ma ba su kai ga gano shi ba."

Aka tara ma'aikata. Ya cire tabarau, ya kawo uwar ɗalibi, ya baza ido. Malamin lissafi, wanda aka cire wa haƙori da safiyar nan, yana dafe da kunci bai dara ba, aka sallame shi. Malamar jinya tana duba takardun jarrabawa a ƙasan tebur, ba ta ma ji ba. Ta bi shi. Mai kula da fankoki kuwa, da dariyarsa ke tashi kamar tsohon janareta, aka ƙara masa girma, duk da cewa rabon fankokin da juyawa an manta.

Sakatariya mace ce mai riƙon amana, don haka ƙawarta ɗaya kawai ta gaya wa. Kafin azahar har mai gadi ya sani.

Kwaleji ta koma gidan biki. Magidanta masu furfura suna shiga banɗaki su gwada dariya a madubi. Malamin kwamfuta ya ƙware a dukan tebur. Wata malama ta koyi zamewa daga kujera ba tare da ɗankwalinta ya faɗi ba. Ɗalibai na zaune a aji babu malami, suna jin shewa daga ofis. Dakta Tsari kuwa har ƙiba ya yi. Ya gaya wa matarsa ashe duk shekarun nan a gida ne kawai ba a san darajarsa ba.

Matsala ɗaya ce: kowa na dariya, babu na kora, wata kuma ya zo ƙarshe. Sai ya shirya taron tankaɗe na ƙarshe, ya gayyaci Hajiya ta zo ta ga tsari da idonta. Ta zo a makare, fuska a ɗaure, ta raɗa masa dalili. Dakta Tsari ya ga damar nuna biyayya. Ya miƙe, ya gyara murya, ya cire tabarau don ya share hawayen da bai riga ya zo ba.

"'Yan'uwa ma'aikata, jiya maigidan Hajiya ya zame a banɗaki, ya karya ƙugu."

Tabarau a hannu. Jama'a suka ga alama.

Ɗaki ya ɗauka. Malamin kwamfuta ya hau dukan tebur. Malama ta zame ƙasa, ɗankwali daram. Mai fankoki ya tayar da janaretansa yana kiran, "Wayyo ƙugu! Ranka ya daɗe, za ka kashe mu!" Dakta Tsari ya ɗaga hannu yana cewa ba wasa ba ne, yana asibiti, aka ce asibiti, aka sake kifewa. Kowa na tuna kuɗin haya da bakunan da ke jiransa a gida, yana ƙara murya don kada na kusa ya fi shi.

Hajiya ta bar su suka gama. Sannan ta tambayi sakatariya abin da ke damun mutanen nan, sakatariya mai riƙon amana ta zayyana mata komai.

"Na ce a rage ma'aikata, Dakta," in ji Hajiya. "Na samu wanda za a rage. Ajiye makullin ofis a nan."

Ya ajiye makullin a kan tebur. Dakta Tsari ya fita da kwalin kayansa a ƙirji. Yana kaiwa tsakiyar baranda wata dariya ta fashe a bayansa, mai zurfi, daga ciki, irin wadda ba a gwada ta a madubi. Ya tsaya ya saurara da kunnen gwani, ya gyaɗa kai.

"Ka ji masu ƙaunata," ya ce wa mai gadi. "Wannan karon ko tabarau ban cire ba."