Yadda Za Ka Goge Karcen Akwatin Kifi Ba Tare da Ka Amsa Laifinka Ba

Maigida, idan akwatin kifin falonka ya karce, kuma ka san a ranka hannunka ne, gyara zama. Bi matakan nan, sakamako tabbas ne. An gwada su a Rijiyar Lemo, gidan Malam Sammani, a kan idon matarsa Falmata, ba abin da ya wuce ta.

1. Nemi wanda bai iya kare kansa ba

Kafin ka nemi abin gogewa, nemi mai laifi. Mai shekara huɗu ta fi dacewa. Sammani ya zaɓi 'yarsa Nana Hafsat, wadda kullum da safe take manna hancinta a jikin akwatin tana gaida kifaye. Ya ce da cokali ta karce shi, ya ja kunnenta, ya hana ta shiga falo. Yarinyar ta rantse ba ita ba ce. Kada rantsuwa ta dame ka, yara ba su da lauya.

2. Kada ka tambayi wanda ya sani

Tafi majalisa. A can za ka samu mutum bakwai da ba su taɓa kiwon ko tarwaɗa ba, kowa da maganinsa. Wani zai ce man goge baki, wani toka, wani kuma kalanzir. Ƙwararre na gaskiya duka yake haɗawa.

3. Ɗauke shi kamar gindin tukunya

Falmata ta gaya masa wannan ba gilashi ba ne, roba ce mai haske, ba ta son wahala. Ya ce mata ina ruwan mace da kimiyya. Kai ma haka za ka ce, sannan ka ɗauko soson waya ka dirza da ƙarfinka. Karce ɗaya siriri zai ɓace cikin 'yan'uwansa ɗari biyu. Idan kifaye sun daina ganuwa, ka ce hazo ne, zai washe.

4. Yarda a je Sabon Gari, amma ka riƙa huci

Kwana uku Nana Hafsat na leƙen kifayenta ta bayan labule. Ran na huɗu Falmata ta juye kifayen a bokiti da ruwansu, ta tare adaidaita sahu, ta ce ba ta dafa komai sai an kai akwatin wurin Ugochukwu, wanda ya sayar musu da shi. A hanya ka yi ta maimaita cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya.

5. Kawar da kai idan mai sana'a ya sa farce

Ugochukwu ya dubi dirzar, ya tambaya ko tukunyar wake aka wanke. Ya ce wannan mai sauƙi ce: samfefa, takardar nan ta goge katako, mai laushi ƙwarai, a jiƙa, a bi a hankali, a gama da man gogewa da tsumma mai taushi, kifi kuma ba ya ciki. Falmata ta ce ba wannan ya kawo ta ba, ya nemo mata karcen farko. Ya bi da farce ta waje, bai same shi ba. Ya zura hannu ciki, farce ya maƙale.

"Madam, ta ciki ne, kusa da ƙasa. Hannun yarinya ba ya kai nan." Ya dubi yatsan Sammani. "Oga, da zoben nan kake gyara duwatsun ciki?"

A nan sai ka duba wayarka kamar an kira ka.

6. Ba da haƙuri ta hannun biskit

Sammani ya sayo biskit ya miƙa wa Falmata ta ba yarinyar. Ta mayar masa.

"Abban Nana, ba da biskit ka ja kunnenta ba. Ka kira ta, ka faɗa da bakinka."

Ya yi gyaran murya ya fi sau biyar kafin ya durƙusa ya ce shi ne. Nana Hafsat ta dube shi, ta tambaya ko shi ma za a hana shi shiga falo.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a mutuwar kifinka, ko dariyar 'yan kasuwa, ko hukuncin da 'yarka za ta yanke. Na Sammani kwana uku ne, a tsakar gida yake jin labarai.