Sarkin Kututture da Maziyartansa

Ranar da a-kori-kurar Merv Chugg ta kafe a taɓo, ɗauke da itacen da ba nasa ba, ita ce ranar da mutanen Trowbank suka tabbatar ba a manta da su ba wajen rabon manyan mutane. Merv yana tsugune a gindin taya, laka ta kai masa gwiwar hannu, yana zagin motar da wanda ya ƙera ta, sai ya ji wata mota tana hawo tudun a hankali, irin tafiyar wanda ba ya son ko ɗigon taɓo ya taɓa masa fenti. Ya ɗaga kai. Mijin yayarsa ne, Mista Lyndon Febey.

Wanda bai san Mista Febey ba, to bai taɓa tsayawa a layin gidan waya na garin ba, don a nan yake raba shawara kyauta ga duk wanda ba shi da hanyar gudu. Mutum ne mai zurfin ilimi. Rabin rayuwarsa ya yi shi yana sayar da firji da injin wanki a wani kanti a garin Burnie, ranar da ya ajiye aiki kuwa ya wayi gari masanin zuba jari. Ba ya cewa ya sayi abu, sai dai ya ce ya shiga. Ko lafiyarsa ka tambaya, sai ya dubi sama ya ɗan yi lissafi kafin ya amsa, kamar ita ma tana hawa da sauka da farashin kasuwa.

Tudun da suka haɗu a kai kamfanin katako ne ya yi masa aski ƙwal, shekarun baya. Duk bishiyoyin turaren da ke kai an kwashe, ba a bar ko reshen da tsuntsu zai huta ba. Abin da ya rage kututture ne iya ganinka, da ramukan katafila, da tsibi-tsibin gumagumai da aka ture gefe aka bari suka bushe ƙayau. Kowa a Trowbank ya san amfanin irin wannan wuri. Ran Asabar ka ɗauki zarton inji, ka cika mota, ka dawo. Ba wanda ya gan ka, kai ma ba ka ga kowa ba. Wasu don murhun gidansu suke yi. Merv kuwa da shi yake cin abinci duk lokacin sanyi, don sayarwa yake yi gida-gida.

Mista Febey ya fito cikin sabon takalmin daji da hula mai faɗin faifai, ya sanar da cewa ya shiga tudun nan gaba ɗaya, da dukan kuɗin sallamarsa. Ya ce da ya gaya wa matarsa Glenys, sai da ta zauna ta yi kuka don murna.

"Merv, duba can. Me ka gani?"

"Kututture, Yallaɓai."

"Shi ya sa kake inda kake. Ƙaramin mutum yana jira sai itatuwa sun girma ya sayi daji, ya biya har da kuɗin inuwa. Ni na saya kafin su iso. Ina barci, dukiyata tana tsawo. Kafin nan kuma ga wurin shaƙatawa. Daga nan har teku ba abin da ya tare maka ido. Masu daji mai itatuwa fa, me suke gani? Itatuwa."

Sai idonsa ya sauka kan lodin. Merv ya miƙe daga gindin taya. Shi dai bakinsa bai taɓa kafewa ba ko da motarsa ta kafe. Ya ce shi shan iska ya kawo shi, kamar yadda ya saba, sai ya ga wannan shara ta tare hanya, ya ce bari ya kwashe kada ta karce motar wani babban mutum.

Mista Febey ya waiwaya. Ya dubi sawun tayoyin da suka yi wa hanyar kaca-kaca, sabo a kan tsoho, ya tambaya ko duk waɗannan na masu shan iska ne. Merv ya ce ƙwarai kuwa, har layi ake yi. Nan take babban mutum ya gane abin da kamfanin katako, duk da akantocinsa, ya kasa ganewa: ashe wurin yawon buɗe ido suka sayar masa a farashin kango. Ya hau kan wani kututture ya yi wa Merv bayanin yadda ake fitar da mota daga taɓo, tiryan-tiryan, hannuwansa a aljihu. Da lokacin shan shayi ya yi, ya tafi. Merv sai da ya sauke lodin kaf, ya fitar da motar, ya sake lodawa.

Kafin rana ta faɗi labari ya kai mashaya, da shi da sabon sunan Mista Febey, Sarkin Kututture. Merv ya kafa doka, kowa ya amince. Duk mai zuwa tudun ya ɗora kujerar naɗi da butar shayi a bayan mota. In ya hango farar motar Sarki, ya kashe zarto, ya zauna, ya kalli teku. In an tambaye shi, wurin ya yi kyau, kuma yana taya kwashe shara ne don kishin gari.

Haka aka shiga zamanin yawon buɗe ido a Trowbank. Ba a taɓa ganin mutane masu son kallon teku irinsu ba. Mahauci ya zama mai son teku. Direban motar makaranta ya zama mai son teku, har da tirela yake zuwa kallon. Wani tsoho Noel Viney, wanda ya shekara yana cewa gwiwarsa ba ta barinsa zuwa coci, sai ga shi yana hawa tudun kamar ɗan akuya.

Sarki kuwa ya karɓi nauyin da ya hau kansa. Ya ga baƙinsa suna shan wuyar taɓo, ya sa aka zuba tsakuwa a hanyar tun daga titi har gindin tsibi mafi girma, inda ya lura sun fi son tsayawa, wataƙila don iskar wajen ta fi daɗi. Ya raɗa wa kowane lungu suna. Ramin da katafila ta bari, wanda ruwan sama ya cika, ya zama Tafkin Glenys. Glenys ta je sau ɗaya ta ga tafkinta, ta ga wata tsohuwar taya a ciki, ta koma mota ta ɗaga gilashi. Ya sayi madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye, ya samu hankaka guda, ya ce irin wanda ba a cika gani ba ne. Ƙarar zarto da yake jiyowa daga nesa kuwa ya ce alamar wuri mai rai ce.

A gidan waya ya riƙa bayyana wa jama'a cewa ƙasa kamar ɗan Adam take, in ta samu mai gida na ƙwarai sai ta kimtsa kanta. Hujjarsa a fili take: tsibin sharar nan kullum raguwa suke yi, bai biya kowa ko sisi ba. Mutanen da ke layi suka riƙa gyaɗa kai, garin katako yana zubowa daga hulunansu.

Sai ga shi wata ranar Lahadi, ana cin gasasshen naman rago a gidansa, ya ajiye wuƙa ya ce ya yanke shawara. Darajar wurin ta kai matsayin da bai kamata kowa da kowa ya riƙa shiga ba. Abin da ake samu a ɓagas ba ya ƙima. Zai sa ƙyauren ƙarfe da kwado, ya yi bikin rufewa, daga nan sai wanda ya isa.

Merv, da ke zaune a teburin, ya ajiye cokali. Watan Mayu ne, farkon hunturu a wannan ƙasa, sanyi ya fara cizo, tsibi mafi girma ko rabinsa ba a ci ba, ga gidaje suna jiran itace. Ya dubi yayarsa. Glenys, wadda ta san komai tun ranar farko, ta ɗauke kai ta miƙa masa dankali. Da ya bi ta kicin yana cewa, Yaya, ki sa baki mana, sai ta ce ita bakinta ya gaji tun ranar da aka sa wa kududdufi sunanta, wanda ya ƙirƙiro masu son teku shi zai san yadda zai yi da su.

Ranar biki garin ya kwaso kansa ya hau tudun, kowa fuska kamar an zo jana'iza. An kafa tebur, an jera kek da shayi, iska tana ɗauke kofunan takarda ɗaya bayan ɗaya tana kai su Tafkin Glenys. Sarki ya hau kututturen da ya fi kowane faɗi, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, kwado da ɗayan.

"Jama'ar Trowbank, lokacin da na shiga wannan gandu, wasu sun yi dariya. Na ji su. Ban ce komai ba, don mai hangen nesa ba ya jayayya da mai kallon ƙafarsa. Yau ga shi kun zo da kanku. Jikokinku za su zauna a inuwar da na saya tun babu ita. Na gode da sharar da kuka kwashe. Na san ba don lada kuka yi ba. Amma kowane babban wuri akwai ranar da yake rufe ƙofa, in ba haka ba ba a san babba ne ba."

Aka tafa, tafin da ba ƙarfi. Ya sauko ya dasa ɗan tsiron turare da cebur mai ɗaure da kyalle ja, a matsayin itacen farko na sabon daji. Wani walabi, ƙaramar dabbar dajin nan mai tsalle da ƙafa biyu, ya tsaya can gefe yana kallon tsiron da idon wanda aka kawo wa abinci har gida. Matar Noel Viney ta matso ta kama hannun Sarki tana hawaye, ta fara cewa tun da aka zuba tsakuwar nan gidanta bai ƙara yin sanyi ba, mijinta ya taka mata ƙafa, aka ja ta wajen kek.

Merv ya ga kwado ya doshi ƙyaure. Ya matsa kusa, ya rage murya, ya ce shi dai abu ɗaya ke damunsa. Duk manyan gandaye da yake jin labari, bai taɓa jin mai gandu yana yawo da mabuɗi a aljihu kamar mai shagon kayan miya ba. Akan samu wani ƙaramin mutum ne a ba shi, shi ke buɗewa, shi ke rufewa, in mai gida ya iso a sara masa. Amma wataƙila wancan sai manya na can ƙetaren teku, a manyan birane su Melbourne. Mu nan ƙauye, kowa da mabuɗinsa.

Sarki ya tsaya cak. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce wannan ai tun tuni yana cikin tsarinsa, yana jiran lokacin sanarwa ne kawai. Ya sake hawa kututture ya shaida wa jama'a cewa ya ƙirƙiro muƙamin Mai Kula da Gandun Febey, kuma bayan dogon nazari ya ga ya ba ƙanin matarsa, ba don ya fi cancanta ba, sai don a taimaka wa dangi. Wannan karon tafin sai da ya kori walabin. Mahauci ya rungume direban motar makaranta. Sarki ya ɗaga hannu yana karɓar ƙaunar talakawansa, bai ma lura da matsattsakun da ya haye sabon takalminsa ya shige safa ba.

Da Merv ya yi shiru a nan, da an tashi lafiya. Amma daɗi ya kwashe shi. Mabuɗi na shiga hannunsa sai ya cire hula ya rusuna, ya tambaya da ƙarfi yadda kowa zai ji, ko muƙamin yana da albashi.

Mista Febey ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Albashi? Kai da aka rufa wa asiri? Albashinka sharar can. Ka kwashe ta kaf kafin sanyi ya wuce, in na ga gungume ɗaya ya rage na karɓe mabuɗina. Kuma kada muƙami ya sa ka makara da lodin itacen da nake saya a wajenka. Na makon jiya ma hayaƙi kawai yake yi, ban san daga wane banzan daji kake samo shi ba."