Wuƙar Nomau da Yatsan Baba

Gidanmu yana ƙarshen Kwarin Maje, inda hanya take gangarawa rafi. Mu huɗu ne a ciki kafin mu koma uku: Baba, wanda gari ke kira Malam Sallau mai lambu, da Inna Tabawa, da yayana Nomau, sai ni Ila, da na yi aji uku a sakandare na dawo gida. Nomau ya girme ni da shekara bakwai. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar zaure sai haske ya ɗauke. Amma magana, yadda ka miƙa masa ita haka zai riƙe ta, ba ya ragewa, ba ya ƙarawa. Mutanen gari suna ce masa wawa. Inna kuwa cewa take Allah ya yi shi a miƙe, bai sa masa lungu a ciki ba.

Dukiyar gidan bishiya ɗaya ce, mangwaron da Baba ya yi wa aure da hannunsa tun ba a haife ni ba. Ba shi da zare, ƙwallonsa siriri ne, in an yanka shi a tsakar gida maƙwabta sun sani. Baba yana kishinsa, bai taɓa ba kowa reshensa ba. Matsalar ita ce a bakin rafi yake, kuma kowace damina ruwa yana cin ƙasar gindinsa kaɗan kaɗan. Kowace shekara Baba zai ce bana zai ɗebi irinsa ya kai tudu, kowace shekara wani aiki ya sha gabansa.

Wata rana Baba ya aiki Nomau maƙera wurin Jatau, ya ce a ƙera masa wuƙa daidai aljihunsa, tunda ya isa taya aikin lambu. Nomau ya ɗauki almakashin Inna ya yanke aljihun rigarsa tas, ya kai wa maƙeri. Jatau mutum ne mai son raha. Ya shimfiɗa aljihun a ƙasa, ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ƙera wuƙa da ta fi taƙi. Nomau ya dawo, wuƙa a hannun dama, aljihu a hagu, yana tambayar Inna shi kuma aljihun a ina ake sa shi. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ɗaga yatsansa na tsakiya.

"Wuƙar da mutum zai wuni da ita a jikinsa, kada ruwanta ya wuce wannan," in ji shi. "In ta wuce, ta huda aljihu, ta tsorata baƙo, kuma ba ta jin hannu."

Nomau ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya tafi bayan ɗaki wurin dutsen washi.

Kwana tara yana goga ƙarfe a dutse. Duk bayan an jima sai ya zo ya nemi yatsan Baba ya jera su. Baba na alwala, Baba na cin tuwo, Baba na gyangyaɗi a inuwa, duk ɗaya ne a wurinsa. Wata rana, ranar kasuwa ce, Baba ya tafi da tumatir. Nomau ya ga kamar wuƙa ta kai, ya bi shi da gudu, tsirararta a hannu, yana ratsa rumfuna yana kiran Baba ya kawo yatsansa. Kasuwa ta watse. Mai ƙosai ta bar kaskonta, wani dillalin awaki ya haye buhunan gero, 'yan banga uku suka rungume Nomau ta baya yana jan su kamar an rataya masa riguna. Baba ya taso daga cikin kwandunansa, bai yi faɗa ba, ya miƙa yatsa. Nomau ya jera, ya duba, ya ce saura kaɗan. A hanyar gida Baba ya yi ta lallaɓa shi cewa shi Nomau yatsansa ma ya isa awo. Nomau ya girgiza kai.

"Wannan ka ce, Baba. Ba ka ce wancan ba."

Wata rana kuma Baba ya ga tsatsa a bakin wuƙar, ya ce masa ya kula da ita yadda yake kula da jikinsa. Tun daga ranar, in Nomau zai yi wanka da ita yake shiga, ya cuɗa ta da sabulu, ya goge ta, ya shafe ta da man shanun Inna. Inna ta yi wata guda tana zargin kyanwa. Da azumi ya zo ya hana a yanka ko lemo da ita kafin magariba, ya ce ita ma ba ta sha ruwa ba tukuna.

Ni a lokacin ina da tawa wuƙar, ta birni, mai ninkewa, doguwa, mai ƙyalli. In na buɗe ta a dandali samari sai su matso. Baba ya juya ta sau ɗaya a hannunsa ya mayar mini, ya ce ta yi kyau, ta shan rake ce.

Wata rana ya kira ni lambu zai koya mini auren bishiya. Ya yanko ɗan reshen gwaiba tsawon yatsa, ya zage ganyen, ya fiƙe gindinsa ta gefe biyu da shara ɗaya ɗaya, ya tsaga jikin wata gwaibar, ya cusa, ya naɗe da leda. Ni hankalina yana kan ƙwallon da ake bugawa a tsallaken rafi. Nomau ne a tsugune, bakinsa a buɗe, yana bin kowane motsi. Baba ya ce reshen da duk ka yanko, kada rana ta faɗi ba ka ɗaura shi a jikin wata bishiya ba, don shi ma rai ne. Washegari gari ya tashi ya tarar da gwaiba a jikin zogale, zogale a jikin darbejiya, reshen tsamiya a turken jakin Jatau, an naɗe shi tsaf da leda. Jatau ya aiko a gaya wa Baba in turken ya yi 'ya'ya rabi nasa ne.

Shekarar da ta wuce, bayan girbi, ɓarin jikin Baba ya shanye. Hannun dama ya fara dunƙulewa. Nomau bai fasa zuwa awo ba. Kowace safiya zai durƙusa gefen tabarma, ya ɗauki hannun a hankali, ya jera wuƙa. Yatsan ya lanƙwashe, wuƙa ta wuce shi, sai ya tashi ya nufi dutse. Bayan mako biyu yatsan ya ƙara shigewa tafi, ya ƙara komawa dutse. Ina zaune ina jin ƙarar ƙarfen nan daga bayan ɗaki, shuu, shuu, kamar da ƙirjina ake gogawa. Wata rana na kasa daurewa na tare shi a ƙofa, na ce ya bar mara lafiya ya huta. Baba ya yi magana daga ciki, da harshen da ya yi masa nauyi, ya ce in bar shi ya shigo, ai shi kaɗai ne bai daina riƙe wannan hannun ba.

A ranar ce kuma ya ce in matso. Ya ce mangwaron nan, ya yi rowarsa har ya makara. Ya ce kada in bari rafi ya tafi da irinsa. Na ce to, Baba. Ban gaya masa ban iya ba.

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi. Da aka zo da karan dawa aka auna tsawonsa don masu haƙa kabari, Nomau ya tsaya yana kallo. Sannan ya karyo ɗan guntu daga ƙarshen wani karan, ya durƙusa, ya kama yatsan. Yatsan da ya yi wata huɗu a dunƙule ya miƙe masa ba gardama. Ya auna, ya yanke karan daidai, ya ɗago yana murmushi.

"Ila, duba. Baba ya warke."

Liman ya juya fuska bango.

Da ruwan fari ya sauka na shiga cika alkawari. Na sayo 'yan mangwaro goma a leda, na yanko rassa da wuƙata ta birni. Ita kuma in na ce ta bi nan sai ta bi can. Ta dagargaza ɓawo, ta tsaga kara har ƙasa, sau biyu ta shiga babban yatsana. Goma na ɗaura, goma suka bushe. Kullum da yamma ina zuwa in tsaya a gindin bishiyar. Saiwoyinta sun fito fili ta wajen ruwa, suna lilo kamar hannun da ke neman abin kamawa, ita kuma ta fara sunkuyawa.

Wata rana na ce da Nomau ya hau ya rage mata rassa ta wajen rafi, ko nauyi ya ragu ta ƙara mana shekara. Manyan rassa nake nufi, da gatari. Ban ce gatari ba. Na tafi kai Inna asibitin gari a duba mata ido, ba mu dawo ba sai bayan la'asar.

Nomau ya hau da wuƙarsa, wadda a lokacin ba ta fi tsawon 'yan yatsun jariri biyu ba, siririya kamar ganyen albasa. Ba ta iya babban reshe, don haka ƙananan ya bi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya jera shi da guntun karan nan kafin ya yanke. Ya cika kwando. Sai ya duba rana ya ga ta karkata, ga rayuka fiye da ɗari biyu a kwando ba a ɗaura su ba. Ya bi gari da gudu. Kuka, tsamiya, darbejiyar masallaci, darbejiyar makaranta, shingen gidan mai unguwa, duk abin da ke tsaye da ganye sai da ya tsaga shi ya cusa masa reshe. Da leda ta ƙare ya koma gida ya ɗauko rawanin Baba ya yayyaga.

Na tarar da shi a bayan kasuwa yana naɗa na ƙarshe. Na ga farin ƙyallen na gane shi, har ƙamshin turaren bai gama fita ba. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta shi ba. Ya tsaya da hannuwa a sake yana kallon ƙasa, da na gama ya ce, a hankali, rana ba ta faɗi ba tukuna, ya yi sauri. Manyan rassa kuwa suna nan yadda suke, bishiya ba ta rage nauyin ko tulu ɗaya ba.

Cikin watan Agusta aka kwana biyu ana ruwa. Da safe muka gangara, babu bishiya. Rami ne kawai, jan ruwa yana juyawa a ciki. Inna ta zauna a kan dutse ta rufe kanta da mayafi. Ni ban yi kuka ba ranar jana'iza, a nan na yi shi. Nomau yana gefe yana tambaya ko a bi rafin a dawo da ita.

Na yi mako uku ba na bi ta kasuwa. Wata rana Jatau ya zo zaure da kansa ya ce in taso in ga wani abu, bai faɗi ko mene ne ba. Ya kai ni bayan rumfunan masu kayan marmari, inda ƙwallayen da ake zubarwa suka tsiro da kansu, irin mangwaron nan mai zare da ko awaki ba sa rububinsa. A jikin uku daga ciki akwai farin ƙyalle da ruwa ya mayar ruwan ƙasa. A saman kowane ƙyalle, toho ne ja, laushi, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Jatau ya ce na jikin kuka da tsamiya duk sun mutu, na turken jakinsa ma bai ce komai ba. Ya sunkuya ya duba yankan, ya ce shara ɗaya ce kowane gefe, ko reza ba ta fi haka ba, hannun Malam Sallau ne sak.

Na daɗe a tsugune. Da na koma gida na sami Nomau a bayan ɗaki. Na ciro wuƙata ta birni na buɗe na miƙa masa ta ƙota, na ce, Yaya, a rage mini ita. Ya ciro guntun karan daga aljihu, ya riga ya yi baƙi don riƙo, gefe ɗaya ya fara tsagewa. Ya zo jerawa sai idonsa ya sauka a kan hannuna. Ya ajiye wuƙar, ya kama yatsana na tsakiya, ya ɗora karan a kai. Bai wuce ba, bai gaza ba. Ya sake aunawa.

"Ashe yana wurinka," in ji shi.

Yanzu mun kewaye bishiyoyin uku da ƙaya, kuma duk wanda ya zo neman reshe nan gaba za mu ba shi. Nomau kuwa kowace safiya, ko ina alwala ko ina cin tuwo, sai ya zo ya durƙusa ya ce in kawo. Ni kuma in miƙa.