Rasuwar Littafin Matsafiya Mai Sanda a Kwanon Wake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai warin tafarnuwa, ni Safwat na hawa na huɗu, unguwar Shubra a Alƙahira, nake sanar da rasuwar littafin zanen 'yata Rudaina. Ya cika jiya da hantsi, yana da shekara uku da shafi casa'in.

Marigayin labarin wata ƙaramar matsafiya ne mai tashi sama a kan sandar dogarawa, irin wadda Rudaina ke tafiya da ita. Kafin zuwansa yarinyar ba ta da ƙawa, don matakalar gidanmu ta fi ƙarfinta. Shi ya riƙa shiga kwandon da muke zurawa da igiya daga baranda, ya sauka wurin wata yarinya, Marina ta hawa na ɗaya, ya dawo da wasiƙa a cikinsa. Bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa "faf, faf".

Ya sha jinya a hannun mahaifiyata, Teta Ihsan, mai turara shi kowace Juma'a. "Mayyar nan ba za ta zauna min a gida haka kawai ba," in ji ta. Garwashi ya huda shi sau bakwai. Ita ce kuma ta haddace shafi na sittin.

Jiya igiya ta tsinke, ya faɗa kwanon Am Gabir mai sayar da wake a ƙofar gida. "Wallahi na tsamo shi da ludayi, maigida," in ji shi, "amma ya riga ya nuna."

Ya bar bango ɗaya, da Teta da ke musun cewa ta yi kuka, da Rudaina da ta tambaye ni, "Baba, to yanzu me Marina za ta jira?" Na ji tsoro ƙwarai.

Yau da safe aka girgiza sabuwar igiya. Kwando ya hau da sabon littafin rubutu daga Marina, a shafin farko an zana matsafiya a kan karkatacciyar sanda, a ƙasa an rubuta, "Shafi na biyu naki ne."

Za a zura gawar bayan la'asar, a binne ta a tukunyar na'a-na'ar Marina. Masu ta'aziyya su zo da alƙaluman launi. Teta za ta turara jaririn littafin ranar Juma'a, an roƙe ta ta tsaya daga nesa.