Rasuwar Kwalekwalen Malam Daouda, Wanda Bai Taɓa Ganin Kogi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daidai gwargwadon da zaman aure ya wajabta, Malama Zouera ta Rillieux-la-Pape tana sanar da 'yan uwa na Lyon da Paris rasuwar kwalekwalen mijinta, Malam Daouda, irin wanda ake kira kayak. Ya cika ranar Talata bayan azahar a tsakiyar falo, inda aka haife shi, inda kuma ya yi rayuwarsa kaf a kwance bisa kujerun cin abinci.

Marigayin ɗan gidan ilimi ne. Mahaifinsa, Malam Daouda, injiniya ne mai bincike a Villeurbanne, haifaffen Tahoua, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Shi ya turara katako a madambacin matarsa har ya lanƙwashe, ya ɗaure haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya da zare, ba ƙusa ko guda. Masu wannan aiki a nan Faransa yadi mai hana ruwa suke lulluɓawa, amma Malam Daouda ya ce ɗan ƙasar majema ba zai sa wa jirginsa leda ba. Ya je har unguwar Château Rouge a Paris, ya dawo da ƙirgin bijimi da wani mahauci ya samo masa, ya jiƙa shi a bahon wanka kwana da kwanaki, sannan ya ɗinke shi jiƙe a jikin katakon.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya yawo. Bai taɓa nutsar da kowa ba, don bai samu dama ba. Maƙwabta har hawa na sama sun shaide shi tun ba su gan shi ba, ta hanci. Magana ba ta dame shi ba, sai ɗan “ƙiiƙ” in an tsallake shi za a shiga kicin.

Ciwon ajali ya zo da sanyin Nuwamba. Malam Daouda ya kafa doka cewa ba mai kunna shofaj, na'urar ɗumama gida, sai fata ta bushe a hankali. Ya kuma yi alkawari, gaban baƙi, cewa ranar da za a fara sa marigayin a tafkin Miribel, 'yarsu Ameena ce za ta zauna gaba, yarinyar da ko takalmi ba ta iya sa wa ƙafar da ta dace ba. Ana haka Ameena ta kama tari. Likita ya ce a ɗumama gida. Zouera ta murɗa shofaj har ƙarshe, ta rufe tagogi, ta goya 'yarta. Ba ta ce ta san abin da zafi ke yi wa ɗanyen ƙirgi ba, ba ta kuma ce ba ta sani ba.

Fata ta ɗaure kamar ta ganga. Marigayin ya ce “ƙas”, ya sake cewa “ƙas ƙas”, sannan ya ce “gau!”, ƙashin bayansa ya rabu biyu. Mahaifinsa yana wurin aiki, bai samu ganawa da shi ba.

Ya rasu ya bar filafilin tuƙi guda, sabo ful, da ƙullin zare, da wata rigar ceto ƙarama mai ruwan goro wadda za a mayar kanti, da uba wanda tun ranar yake zaune yana kallon bango. Tarin Ameena ya yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a jujin unguwa, ɓangaren katako. Gawa ba ta shiga asansar, wato lif, don haka mai zarto ya taho da abinsa. Za a karɓi gaisuwa a falo, akwai wurin zama yanzu. Uwargida tana roƙon masu ta'aziyya su ba Malam haƙuri yadda suka ga dama, amma duk wanda ya ce masa “Allah ya mayar da wani” ba zai sha shayi a gidan ba.